Burauza tana cin data alhali ban buɗe shafi ba: leƙen asiri ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da cike fom ta intanet a nan Garwa, kwamfuta huɗu a kan ƙaramin akwatin wifi mai ɗaukar sim. Na lura da zarar na buɗe Firefox, ko shafi ɗaya ban shiga ba, sai fitilar akwatin ta kama ƙyaftawa, data tana tafiya. Ƙanena ya duba ya ga sunaye irin su detectportal.firefox.com da safebrowsing.googleapis.com. Shin takardun mutane ake kwashewa? In toshe su duka ne, ko in canza burauza?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sunaye biyun da ƙanenka ya gani ba su ɗaukar takardar kowa, wannan ka kwantar da hankalinka. Amma kada ka toshe komai a dunƙule, domin hanyoyin da burauza ke buɗewa a bayan fage ba iri ɗaya ba ne. Wasu tsaronka suke yi, wasu amfanin kamfanin da ya ƙera burauzar kawai suke yi, wasu kuma suna fitar da abin da kake bugawa da hannunka. Yawansu ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne me kowace take ɗauke da shi, kuma hannun wa yake shiga.

Abu ɗaya dukkansu suka yi tarayya a kai: duk sabar da kwamfutarka ta taɓa, ta ga adireshin IP ɗinka, wato lambar da layinka ke fita da ita a intanet, da lokacin da ka taɓa ta. A kan layin waya irin na MTN ko Orange, ko Airtel da Moov ga 'yan'uwa na Cadi, yawanci mutane da dama ne ke fita ta adireshi guda, saboda haka sabar da ke Turai ko Amurka abin da take iya fahimta shi ne ƙasa da kamfanin layi, wani lokaci ma ta ɗauka kana Duwala ko Yawunde. Wanda ya san cewa kai ne, shi ne kamfanin layin, tunda da katin shaida aka yi rajistar sim ɗin. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Mu fara da detectportal.firefox.com. Aikinsa gane irin wifi ɗin otal ko filin jirgi da ke tsayar da mutum a shafin shigar da lambar sirri kafin ya ba shi hanya. Firefox tana neman wani ɗan ƙaramin fayil da ta riga ta san abin da ke cikinsa. In ya dawo yadda ta sani, hanya a buɗe take. In wani abu daban ya dawo, sai ta nuna maka sanarwar ka shiga. Da gangan ake aika wannan buƙata ba a sakaye ba, don shafin otal ɗin ya samu damar tare ta. Ba Firefox kaɗai ke yi ba: wayar Android tana taɓa connectivitycheck.gstatic.com, Windows tana taɓa msftconnecttest.com, iPhone kuma captive.apple.com. Kwamfutar da ba ta barin shago ba ta buƙatarsa. Ka buga about:config a wurin adireshi, ka amince da gargaɗin, ka nemo network.captive-portal-service.enabled ka mayar da shi false, haka ma network.connectivity-service.enabled. Ga kwamfutar tafi-da-gidanka da kake zuwa Marwa ko Ngawundare da ita, ka bar shi, in ba haka ba za ka zauna a masauki kana tsammanin wifi ɗin ya lalace.

Suna na biyun, safebrowsing.googleapis.com, shi ne wanda mutane suka fi yi wa mummunar fahimta, don sun ga sunan Google a cikin burauzar da ba ta Google ba. Google ke riƙe da jerin shafukan damfara da na ƙwayoyin cuta, kuma Firefox da Chrome da Safari duk suna amfani da shi. Yadda Firefox take yi, ba ta aika adireshin kowane shafi da ka shiga. Ana mayar da kowane mugun adireshi zuwa wata doguwar lamba ta hanyar lissafin SHA-256, a yanko bait 4 na farkonta, waɗannan guntaye ne burauza ke saukewa ta ajiye a cikin kwamfutarka, tana sabunta su kamar kowane rabin sa'a. In ka shiga shafi, a cikin kwamfutar ake yin kwatancen. Sai in guntun ya yi daidai da wani a jerin ne take aika shi ta nemi cikakkun lambobin da suka fara da shi, kuma takan cakuɗa shi da wasu guntaye na bogi. Kamar ka je wurin mai unguwa ka ce ya karanto maka sunayen ɓarayin da suka fara da "Ma", kai kuma ka duba da kanka ko baƙon da ke zaurenka yana ciki; mai unguwa bai ji sunan baƙon ba. Inda aka ɗan fi fitar da bayani shi ne wajen sauke fayil mai iya gudana a kwamfuta, irin masu ƙarewa da .exe: a nan Firefox kan aika wa Google sunan fayil ɗin da girmansa da inda ya fito. In wannan ya dame ka, browser.safebrowsing.downloads.remote.enabled shi kaɗai za ka mayar false, sauran tsaron ya ci gaba da aiki. A shago irin naka, inda ɗalibai ke neman sakamakon jarrabawa, wasu ke cike fom ɗin aiki daga mahaɗin da aka turo musu a WhatsApp, kashe wannan jerin gaba ɗaya ganganci ne.

A Chrome akwai matakai biyu, kuma bambancinsu babba ne. Tun watan Maris na 2024 matakin da ake kira Protection standard yana tambaya kai tsaye, amma guntun lambar ne yake aikawa a sakaye ta wata saba ta tsakiya ta kamfanin Fastly da ke cire adireshin IP kafin ya isa Google. Protection renforcée kuwa adireshin shafukan kansu yake aikawa, har da ɗan samfurin abin da ke cikinsu. Ya fi kama sababbin shafukan damfara, amma farashinsa ke nan. Ga kwamfutar da ake buga takardun mutane, ni na farkon nake zaɓa.

Sai sabuntawa, kuma a nan ne yawancin datarka take tafiya. Firefox tana fitar da sabon zubi kusan kowane mako huɗu, da ƙananan gyare-gyare a tsakani, kuma kowace kwamfuta cikin huɗun nan da kanta take saukewa. A farkon girkawa takan sauko da OpenH264 daga Cisco don kiran bidiyo, da Widevine daga Google don bidiyon da aka kulle. Akwai kuma firefox.settings.services.mozilla.com, inda take karɓo jerin ƙarin manhajoji masu cutarwa da takardun shaidar shafuka da aka soke. Waɗannan duka kada ka taɓa su. A watan Satumba na 2023 an gano wata ɓaraka a yadda burauzoji ke karanta hoto nau'in WebP, mai lamba CVE-2023-4863, wadda hoto kawai ya isa a shiga na'urar mutum da shi, kuma an riga an fara amfani da ita kafin a toshe. Chrome da Firefox da Edge duk sai da suka fitar da gyara cikin gaggawa, wanda ya kashe sabuntawa kuwa haka ya zauna da ƙofarsa a buɗe. In tsadar data ce matsalar, ka shiga Paramètres na Firefox, a sashen Général ka zaɓi ta duba sabuntawa amma ta bar ka ka girka da kanka, sai ka riƙa yi a lokacin da kake da garaɓasar dare. Ka kuma sa wa wifi ɗin alamar Connexion limitée a cikin Windows, don a gaskiya sau da yawa Windows ce ke cinye kuɗin, a ɗora wa burauza laifi. Tana da sauƙin tabbatarwa: a saitin Réseau et Internet akwai wurin da ke nuna abin da kowace manhaja ta ci cikin kwana 30.

Yanzu ga waɗanda kamfanin ne ke amfana da su. Firefox tana aika rahoto zuwa incoming.telemetry.mozilla.org: irin kwamfutarka, yawan ƙwaƙwalwarta, tsawon lokacin da ka yi a buɗe, shafuka nawa ka buɗe, sau nawa ta faɗi. Babu adireshin shafukan a ciki, kuma kana iya karanta shi da idonka in ka buga about:telemetry. Girmansa kilobait ne, ba ya cin kuɗin a-zo-a-gani. Abin da ya sa ya cancanci a dube shi shi ne yana ɗauke da lamba ta musamman da aka ba wannan burauzar, wadda ba ta canzawa daga yau zuwa gobe. Lambar da ba ta canzawa in ta haɗu da adireshin IP da ke canzawa, ana iya bin sawun na'ura daga gari zuwa gari, ko da kamfanin ya ce ba ya yi. Wannan ne ma'aunin da Farfesa Douglas Leith na Kwalejin Trinity da ke Dublin ya yi amfani da shi a bincikensa na 2020 kan burauzoji shida. Brave ce ta fi ƙarancin fitar da bayani, Chrome da Firefox da Safari suka zo tsakiya, Edge da Yandex suka zo ƙarshe saboda suna aika lambar da ke ɗaure da jikin na'urar, wadda ko an goge burauzar an sake girkawa ba ta sauyawa. An yi sauye-sauye tun daga lokacin, amma ma'aunin yana nan daram.

Kashe shi a Firefox ba ya buƙatar about:config. Ka shiga Vie privée et sécurité, ka gangara sashen tattara bayanai, ka cire alamar da ke kan kowane akwati. Sababbin zubi suna da akwati daban na saƙon amfanin kullum, shi ma ka cire. Da ka yi haka za ta aika saƙo ɗaya na ƙarshe tana neman a goge abin da aka tara, kada ka gan shi ka ce saitin bai kama ba. In ka ga akwatin auna tallace-tallace, wanda Mozilla ta kunna wa mutane ba tare da tambaya ba a Firefox 128 cikin Yulin 2024 har ƙungiyar noyb ta Ostiriya ta kai ƙorafi a kansa, shi ma ka cire. A sashen Accueil ka kashe gajerun hanyoyi na talla, ko ka mayar da sabon shafi fanko. Akwatin gwaje-gwajen da Mozilla ke turowa yana da ɗan labari: a watan Mayu na 2019 wata takardar shaida ta Mozilla ta ƙare, ƙarin manhajojin mutane suka daina aiki a duniya baki ɗaya, kuma ta wannan hanya ta gwaji aka fara turo gyara, waɗanda suka kashe ta sai da suka jira sabon zubi. Duk da haka ina ganin a kashe ta, jiran kwana biyu ba asara ba ce babba.

Akwai wata haɗuwa da za ka ga ba ta yankewa muddin Firefox tana buɗe, zuwa push.services.mozilla.com. Ta nan sanarwar shafuka ke shigowa. Ita ma tana da lambarta. In ba ka son sanarwa a kwamfutocin shago, wanda ya fi alheri tunda abokan ciniki kan danna "yarda" a kan kowane shafin caca, ka mayar da dom.push.connection.enabled false, ka kuma hana shafuka neman izinin sanarwa a sashen Permissions.

Rukuni na uku shi ne ya fi dacewa da sunan fallasa sirri, kuma shi ne mutane ba su cika tambaya a kansa ba. Wurin adireshi da wurin bincike yanzu abu ɗaya ne, kuma in shawarwarin bincike suna kunne, kowane harafi da ka buga yana tafiya wurin injin binciken tun kafin ka danna komai. Yaron shago ya kwafo lambar katin shaidar wani ko lambar wayarsa, ya liƙa a wurin adireshi bisa kuskure, ya goge: ta riga ta tafi. A Firefox ka shiga Recherche ka cire alamar nuna shawarwari, ko browser.search.suggest.enabled ya koma false. A Chrome ka duba ƙarƙashin Google et vous, sashen ayyukan Google, ka kashe na inganta shawarwarin bincike da kuma na inganta bincike da yawo, domin na biyun adireshin shafukan da ka ziyarta yake aikawa. Mafi muni ga mai cike fom shi ne ingantaccen gyaran rubutu na Chrome da ke sashen Langues, wanda ke tura abin da ka rubuta cikin akwatunan fom zuwa Google don a duba kuskure. Ka bar shi a kan na asali, wanda a cikin kwamfuta yake aiki. Sannan kada ka shigar da asusunka na Google cikin Chrome ta shago da daidaitawa a kunne, don tarihin duk wanda ya zauna kan kujerar zai taru a asusunka, naka kuma ya bayyana gare su.

Kusa da wannan akwai riga-kafin sauri: burauza tana hasashen inda za ka danna, ta nemo adireshinsa, wani lokaci ta buɗe hanya ko ta sauko da shafin tun ba ka nema ba. Sakamakon haka shafin da ba ka shiga ba ya ga IP ɗinka, kamfanin layi kuma ya ga kamar ka neme shi. A Chrome ana kashe shi a Performances, wurin Précharger les pages. A Firefox ka mayar da network.prefetch-next false, network.dns.disablePrefetch true (lura, shi wannan a juye yake), browser.urlbar.speculativeConnect.enabled false, sannan network.http.speculative-parallel-limit ya koma 0. A layi mai jinkiri za ka ji shafi ya ɗan ƙara nauyin buɗewa, amma ka rage datar banza.

Mu koma kan kamfanin layi. Ko ka kashe duk abin da na lissafa, duk lokacin da ka shiga shafi sai kwamfuta ta tambayi sabar DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshin IP, adireshinsa, kuma a al'ada wannan tambaya a fili take tafiya zuwa kamfanin sim ɗinka. Makullin HTTPS yana rufe abin da ke cikin shafi, amma sunan shafin yawanci yana bayyana a farkon gaisuwar haɗuwa. Mutanen Injamena da suka zauna daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 ba Facebook ba WhatsApp sai da VPN sun san cewa mai layi yana gane inda ka nufa, har ya iya tare ka. Firefox da Chrome suna da DNS a sakaye, Android kuma tun zubi na 9 tana da DNS privé. Kunna shi yana ɗauke tambayar daga hannun mai layi ya miƙa ta ga wani, misali Cloudflare ko Quad9, saboda haka zaɓen wanda za ka amince wa ne, ba ɓacewa ba ne. Yana kuma da tarko: in ka ɗaure shi a kan tilas, ranar da data ta ƙare ko ka hau wifi mai shafin shiga, na'urar za ta ce babu intanet sam, har shafin sayen sabuwar data ya ƙi buɗewa. Ka san inda maɓallin yake kafin ranar.

Game da canza burauza, ga kwamfutocin shago ban ga dalili ba. LibreWolf ta zo da yawancin abubuwan nan a kashe, amma ta kashe har da jerin shafukan damfara na Google, kuma sabunta ta yana buƙatar kulawarka. Brave zaɓi ne mai kyau in kana son injin Chrome. Inda ya kamata ka fi sa ido shi ne wayarka. Opera Mini a yanayin matse data sosai ba ta haɗa ka da shafi kai tsaye. Sabar Opera ce ke buɗe shafin, ta matse shi, ta turo maka, don haka abin da ka gani da abin da ka rubuta ya ratsa hannunsu. Ta dace da karanta labarai a ƙauyen da sabis ke da rauni, ba ta dace da banki ko Orange Money ko MoMo ta shafi ba. UC Browser kuwa, cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta nuna a 2015 cewa tana fitar da lambar jikin waya (IMEI) da ta sim (IMSI) ba tare da kariyar kirki ba. Burauzar da ta zo a cikin wayar da ke cika maka fuska da labarai da talla, wannan tallan data ce kuma bayani ne ke fita. Tagar sirri, wadda ake kira Navigation privée, ba ta hana yawancin waɗannan haɗuwa. Tarihi da makamantansa take gogewa daga na'urar, wanda shi ma yana da amfani a shago.

In kana so ka gani da idonka, kada ka dogara da tagar da maɓallin F12 ke buɗewa a burauza, don abin da shafi ya nema kawai yake nunawa. A Firefox ka buga about:networking, za ka ga sunayen sabobin da ta taɓa da tambayoyin DNS. A Chrome chrome://net-export yana rubuta komai cikin fayil. A Android manhajar PCAPdroid tana nuna wace manhaja ce ta taɓa wace saba ba tare da an fasa wayar ba. Ka rufe komai, ka buɗe burauzar a shafi fanko, ka bar ta minti 10, ka rubuta sunayen. Ka canza saiti ɗaya, ka rufe ta ka sake buɗewa, ka kwatanta. Kada ka canza goma a lokaci guda, don in wani abu ya lalace ba za ka san wanne ne ba, kuma ka guji kwafo dogon fayil ɗin saiti daga intanet ka zuba, domin irinsu ne ke hana shafin biyan kuɗin jarrabawa ko na fasfo aiki ana tsakiyar layi.

Tunda kwamfuta huɗu ne, kuma yara kan taɓa saiti, ka ɗaure su da fayil guda. A cikin babban fayil ɗin da aka girka Firefox, wato C:\Program Files\Mozilla Firefox, ka ƙirƙiri wani mai suna distribution, a cikinsa ka ajiye policies.json da wannan rubutu: {"policies": {"DisableTelemetry": true, "DisableFirefoxStudies": true, "CaptivePortal": false, "NetworkPrediction": false, "SearchSuggestEnabled": false}}. Ka tabbata Notepad bai ƙara masa .txt a ƙarshe ba, don wannan ne ya fi hana shi kamawa. Ka sake buɗe Firefox ka buga about:policies. In ka ga layukan biyar a jere ya kama, in waƙafi ko baka ya ɓace za ta nuna maka a sashen kurakurai. Daga nan sai ka kwafe shi a filashi zuwa sauran ukun.